Finjalin Malam a Allon Kabo

Mun tashi da asuba daga Madadi, ni da 'yata, raɓa ba ta sauka daga ganyen dawa ba. Ita ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban san baƙi ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar Malam, mijina, Allah Ya haskaka kabarinsa, kuma har yau in na ambace shi sai na kai bakin mayafi ido.

Abin da ya fitar da mu shi ne Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa. 'Yar tamu aikin kwamfuta ta karanta. Ta ɗauki hoton kowane shafi, ta haɗa manhajar da za ta nuna shi a allo. Wata Islamiyya a Kabo ta ce a kawo malamanta su gani, in sun yarda da shi za a riƙa koyar da yara.

A kan babur muka iso Gwarzo, ramukan hanya suka gaisa da ƙuguna ɗaya bayan ɗaya. A tasha muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Direban Kabo ya cusa mu huɗu a baya da buhun barkono, muka yi ta atishawa har muka sauka.

An tarbe mu da mutunci. Bayan doguwar gaisuwa aka kunna tsohuwar kwamfutarsu da aka jona da faffaɗan talabijin. Shafi ya fito ya cika allon. Malamai suka matso kusa. Babbansu, wanda suka yi karatu tare da Malam, ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Karatu daidai ne, amma wannan ba hannun abokina ba ne. Alifinsa dogo ne, wannan kuwa gajere ne mai teɓa."

Gumi ya karyo wa 'yata, don a tata kwamfutar lafiya lau yake fitowa. Ni ban san alif ba, amma na san da'irar da Malam ke zanawa a gefen shafi farkon kowane izu. Da bakin finjalina na shayi yake kewaya ta, kuma tun da ya rasu finjalin bai rabu da jakata ba. Na tashi na kifa shi a tsakiyar da'irar da ke jikin allon. Sama da ƙasa ratar yatsa ɗaya, hagu da dama yatsa uku.

Na ce, "An ja shi ta gefe, kamar zanen da aka matse ana shanya."

'Yata ta dafa kai. Ashe manhajar tata ba ta tambayi katin da ke fitar da hoto a kwamfutar girman allon ba, ta bar shi ya shimfiɗa shafi duk inda ya samu fili, kamar tela ya yanka riga bai auna mai ita ba. Ta zauna ta gyara: ta sa manhajar ta fara tambayar tsawo da faɗin allo, ta riƙe ƙirar shafi, abin da ya saura a gefe ya zauna baƙi. Na sake kifa finjali, rata ta zama ɗaya ta ko'ina.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "To, ga shi nan. Sannu da zuwa, mutumina." Na fashe da kuka a gaban jama'a, ban ji kunya ba. Sun karɓa, suka cika mu da addu'a da ɗanwake mai zafi.

Kafin magariba muka shigo Madadi. Tafiyar ta koya mini cewa wanda ya daɗe kusa da aiki bai rasa sanin wani abu nasa. Shekara arba'in ina mita Malam ya ɓata mini finjali da jar tawada. Yau na wanke shi a hankali, na bar jan da ke bakinsa.