Ranar da Umma ta yi wa mota gammo

Wata Asabar ce cikin zafin shekarar dubu biyu da goma sha uku, ina 'yar shekara tara, na leƙo ta tagar gidanmu a unguwar Morrisania, can ƙasar waje, na hango Abbanmu tsaye a bakin titi ya riƙe ƙugu, yana kallon wani dogon abu ruwan ɗorawa da ke kwance kusa da motarmu. Yaran layinmu sun bar famfon kashe gobara da aka buɗe musu suna wasan ruwa, sun zo sun kewaye shi, rigunansu na ɗiga. Kwalekwale ne na roba mai cin mutum ɗaya, irin wanda ake kira kayak. Kuma na Ummata ne.

Umma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wani dattijo da ta daɗe tana jinya ya rasu, 'ya'yansa suka ce ta zaɓi abin da take so cikin kayansa. Ba ta kalli kujeru ba, ba ta kalli talabijin ba, sai ta nuna kwalekwalen da ke rataye a gareji. Suka kawo mana shi da motar ɗaukar kaya, aka sauke shi a ɗakin ƙasa na gininmu, kusa da injinan wanki. Wanki aikina ne a lokacin. Kullum na sauka da kwandon kaya sai in zuba su a inji, in shige cikin kwalekwalen in zauna, ina tuƙi da sandar goge-goge har injin ya tsaya. Ana haka mai kula da ginin ya ce wurin ba ma'ajiyar kowa ba ne, in ƙarshen mako ya wuce abin na nan, motar shara zai ba.

Kawu Isaka, maƙwabcinmu ɗan zangon Kumasi, ya ce akwai fili a bayan shagonsa, a kai can. Umma ta yi godiya, amma ta ce kafin a jingine shi a bayan shago sai ya taɓa ruwa tukuna. Abba ya dube ta kamar bai ji daidai ba. Shi mutumin cikin birnin Kano ne, aikinsa gwajin jini a asibiti, ya sha faɗa mana cewa, "Ni ruwan da na sani biyu ne, na sha da na alwala." Umma kuwa mun san 'yar Yawuri ce, amma a wurinmu Yawuri suna ne kawai da ake ambata idan an kira waya gida.

Matsalar ita ce motarmu ba ta da ƙarafan ɗora kaya a sama, rufinta sumul yake. Abba ya shimfiɗa tsohon bargo, shi da Kawu Isaka suka ciccibi kwalekwalen suka aza, suka kwance igiyar shanyarmu, suka zura ta taga ɗaya ta fito ta ɗayar, suka ƙulle tamau. Sai da suka gama suka ja da baya suna yaba aikinsu, sannan Abba ya kama ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ashe har da ƙofofin suka ɗaure. Yaran layi suka tuntsire da dariya, Kawu Isaka ma ya zauna a kan matakala yana share hawaye. Aka kwance, aka buɗe ƙofofin, aka sake bi da igiyar ta cikin motar. Wata maƙwabciyarmu ta miƙo dogayen soso masu launi irin waɗanda yara ke iyo da su, aka cusa a ƙarƙashi. Aka girgiza, bai motsa ba, muka shiga da Bismilla.

Cikin unguwa lafiya lau muka yi ta tafiya. Muna hawa babban titi, mota ta fara gudu, sai igiyar da ke bisa kanmu ta soma kuka kamar tsarkiyar goge. Na ɗaga kai ta gilashin gaba na ga hancin kwalekwalen yana ɗagawa yana komawa, sannan ya karkace gefe ɗaya, soso guda ya fice ya bi iska. Manyan motoci na wuce mu suna danna ƙaho. Na ga gumi na bin ƙeyar Abba. Ya lallaɓa ya sauka a mafita ta farko, ya tsaya a gefen wani gidan mai, ya kashe mota. Ya dubi Umma ya ce, "Hajara, abin nan zai iya kashe wani. Mu bar shi nan."

Umma ba ta yi musu ba. Ta fita ta zagaya motar a hankali, ta buɗe but, ta ciro tsofaffin zannuwan da ta zo da su don mu zauna a kai. Ta murɗe ɗaya ta naɗe shi ya zama gammo, irin wanda ake ɗaukar tulu da shi, sai dai ya fi shi faɗi, ta yi na biyu. Ta ce da Abba su kifa kwalekwalen, cikinsa ya dubi ƙasa, don iska ta daina shiga tana ɗaga shi. Suka aza shi a kan gammayen, ɗaya gaba ɗaya baya. Sannan ta raba igiyar, ta ɗaure hancin ta ja shi zuwa wani ƙarfe a ƙarƙashin gaban mota, ta yi wa wutsiyar haka. Ta durƙusa a kan kwalta da doguwar rigarta tana wani ƙulli da ban taɓa gani ba, yatsunta na tafiya da kansu. "Jirgi ta kai ake kama shi," in ji ta, "ko a ruwa ko a tudu." Abba ya kama ya jijjiga, motar duka ta jijjigu tare da shi. Sai ya buɗe mata ƙofa.

Da muka isa gaɓar ruwa a Pelham Bay rana ta fara yin sanyi. Umma ta ɗaura rigar hana nutsewa a kan hijabinta, ta tattare riga, ta shiga ta zauna. Da farko filafilin tuƙin da aka haɗo da jirgin, mai baki biyu, ya ba ta wuya, jirgin ya yi ta kewaya wuri ɗaya, na rufe fuska don kunya, ina ce mata da Turanci ta fito mutane na kallo. Sai ta riƙe shi ta gefe guda yadda ta saba tun tana yarinya, ta soka a ruwa, jirgin ya miƙe. Ta yi nisa har ta koma ɗan ɗigo, ta juyo da bugu ɗaya, muka jiyo muryarta bisa ruwa tana dariya, irin dariyar da ban taɓa ji a ɗakinmu ba. Abba na tsaye da takalmansa a hannu, ruwa ya jiƙa masa ƙafar wando bai sani ba. A hanyar komawa ne ta ba mu labarin yadda take haye kogi da kakarta ran kasuwa, da albasa cike da jirgi. Ran nan, da Hausa na yi ta yi mata tambayoyi.

Yanzu ina da nawa jirgin, da mota mai ƙarafa a sama, ni kaɗai nake ɗorawa in ɗaure, ba yaron da ke barin wasansa ya zo kallo. Gwiwoyin Umma sun daina yarda ta shiga, sai dai ta zauna a kujera a bakin ruwa tana ɗaga murya tana gyara mini riƙo. Takan ce ina da ƙarfi amma ba na sauraren ruwa. Na daɗe ina ɗauka rayuwar Umma daga kanmu ta fara, ashe akwai wani kogi guda da ta baro kafin ta zama uwata.