Zankwayen Baba Haladu

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar kakana, Baba Haladu magini, amma har yau bai daina jawo mini magana a Riyad ba.

Da ƙafa ya zo aikin Hajji yana saurayi, aikin gini ya riƙe shi a nan. A lokacin, in ka wuce unguwar Murabba sai rairayi da raƙuma. Can ya fasa dutse ya gina ɗaki uku, ya kafa wa kowace kusurwa zanko, ƙahon nan da maginan Kano ke tsayarwa a saman soro. Maƙwabta suka tambayi amfaninsa. Ya ce gida ba zanko dattijo ne ba hula.

Yau gidan ya zama kayan tarihi. An kewaye shi da sarƙa, ni da aka yi wa kaciya a tsakar gidan sai na bi layi. Da Baba zai leƙo, dariya zai yi: mutumin da bai taɓa mallakar kwaɗo ba, ga mai gadi a ƙofarsa.

Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne takardar gyara. Injiniyan da aka ba aikin, mutum mai ladabi da digiri biyu, ya duba littattafansa bai ga zanko a ginin wannan yanki na Najadu ba. Sai ya rubuta a sauke su, wai ƙari ne na baya-bayan nan.

"Ya ustaz, ina hujja?" in ji shi.

"Bukra, in sha Allah," na ce.

A garin nan bukra, wato gobe, takan kai wata shida. Tawa kwana ɗaya ta yi. Na zo da tsani, na hau da gwiwoyina na ɗan sittin, na kankare yaɓen. Baba ba ya ɗora zanko daga baya. Daga jikin dutsen kusurwa yake sassaƙo shi. Gani ya kori ji. Injiniya ya shafa, sannan ya ce sai kwamiti ya zauna. To, su zauna. Ni malamin makaranta ne, na saba maimaita darasi har a gane.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baba bai yarda ba: ya ɗauko nasa ya kafa a kan soro. Allon bayanin da aka kafa a ƙofa bai ambaci sunansa ba, kuma ban damu ba. Wanda zai cire masa hula, sai ya fara rushe bango.

Allah Ya jiƙan magini.