Jiran amshi a barikin reluwe

Aure ne ya sauko da ni Kafanchan daga ƙauyenmu na wajen Kagoma, tun kafin a ba mu mulkin kai. Maigidana yana aikin zuba kwal a injin jirgi, aka ba mu ɗaki da ɗan madafi a barikin reluwe. In ya bi jirgi kudu sai ya kwana biyu bai dawo ba, daga ni sai 'yata ta goye.

Zaman kaɗaicin bai dame ni kamar daka ba. A gida mace ɗaya ba ta dakan acca. Mukan kewaye turmi da yayyena muna lugude, ɗaya ta ɗauko waƙa, sauran su amsa. A bariki kuwa kowa da yarensa. In na ɗauko waƙa na kai inda ake amsawa, sai in ji shiru, ko in ji wani inji yana huci daga loko, inda ake gyaran injinan jirgi. A hankali na bar waƙar, na riƙa daka baki rufe.

Bango ɗaya ya raba mu da wani direban jirgi da matarsa, mutanen Kalaba. Ta girme ni nesa ba kusa ba, 'ya'yanta duk suna makaranta a garinsu. Tana da garmaho da faya-fayai na baƙaƙen Amurka, irin waƙoƙin nan masu tafiyar hawainiya da take kira jaz. Tana kuma da jita, wadda wanta ma'aikacin jirgin ruwa ya bar mata. Bayan azahar, in ta gama aikinta, sai ta ɗora faifai ta saurara, ta kashe, ta ɗauki jitar ta maimaita da bakinta.

Wata rana ta leƙo ta same ni tsaye, taɓarya a hannu, ba na komai.

"Maman bebi, turmin ya mutu ne?" in ji ta da Hausarta ta kasuwa.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Yaya, waƙarki ce ta tsayar da ni."

"To shigo mana. Bangon nan ya ƙoshi da waƙa, ke ce ba ki ƙoshi ba."

Haka muka fara. Nakan zauna a kujerar tsuguno, jita a cinya, yarinya a baya. In na kaɗa tsirkiya mai kauri, ƙarar takan bi ta cikina har ta kai gare ta, sai in ji ta lafe ta yi barci. Tsirkiyoyin na waya ne. Ni da nake ganin hannuna ya sha aikin gona babu abin da zai ji, sai ga kan yatsuna suna zafi kamar na taɓa garwashi, har suka yi kanta. Hannun dama kuma ya ƙi sassauci.

"Ƙanwata, ba sakwara kike kirɓawa ba," Yaya takan ce. "Shafa ta. In kika doke ta, za ta rama."

Waƙa ɗaya ta zaɓar mini. Lokacin ko ajin yaƙi da jahilci ban shiga ba, balle a yi maganar Turanci, don haka da kunne na haddace kalmomin. Ta ce mini labarin wata ce da ke tsaye bakin taga, wanda take jira ya yi nisa. Na ce ai wannan duk matan bariki sun san ta. Kafin damina ta yi nisa hannu ya iya nasa, baki ma ya iya nasa. Haɗa su ne ya gagara.

Waƙoƙin nan suna da wani hali. Mai waƙa za ta faɗi magana ɗaya, sai ta yi shiru mai tsawo, jita ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, sannan murya ta dawo ta same ta a hanya. Ni kuwa da zarar bakina ya tsaya, hannuna ma sai ya tsaya cak, in ɗaga kai. Ban ma san ina yi ba sai da Yaya ta dafa tsirkiyoyin ta dube ni.

"Wa kike jira?"

Na yi tunani, na ce, "Amshi."

Ta yi dariya har tana share ido da gefen zane. Da ta ga ni ban yi ba, sai ta daina. Na gaya mata yadda ake yi a gida: in ka ba da waƙa ka yi shiru, wurin na wasu ne, shiga cikinsa rashin kunya ne. Tun ina ƙarama uwata take dungure mini kai in na yi wa 'yan amshi shisshigi.

Ta jinjina kai. Ta ce, "A wannan waƙa babu mai zuwa, ƙanwata. Shi ya sa aka yi ta. Hannunki ne zai riƙe wurin."

Na roƙe ta ta riƙa amsa mini ko da guna-guni ne, har in saba. Ta ƙi. Ta ce in ta amsa sau ɗaya, har abada zan riƙa neman ta.

Ana cikin haka aka ce an yi wa mijinta canjin aiki zuwa Fatakwal, za su tashi da ɗaukewar ruwa. Ita ta gaya mini, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Amma ba zan hau jirgi ba sai na ji waƙar nan daga bakinki, daga kai har gindi, ba tsayawa."

Daga ranar ba ni da wani buri sai wannan. Takan ba ni jitar in shiga da ita ɗakina. Maigidana ya dawo daga hanya wata rana, baƙi ƙirin da kwal, ya tsaya a ƙofa yana ji.

"Maman yarinya, wa ya rasu?"

"Babu kowa, Maigida. Waƙar ce haka."

"To Allah ya ji ƙan ta. In an gama makokin a ba ni ruwan wanka."

Yana tsokana, amma bai taɓa hana ni ba. Na samu ci gaba kaɗan kaɗan. Shirun farko na iya ƙetare shi, na biyu ma haka. Amma akwai wani dogo kusa da ƙarshe, inda murya take hawa sama ta sake ka. Nan kullum hannuna yake mutuwa, kunnena ya tafi gida.

Ana sauran 'yan kwanaki su tafi, na tashi da safe ina jin yau zan iya. Na yi shara, na goya yarinya, na shiga wurinta. Sai na tarar da ɗaki fayau. Ashe a reluwe kaya ba sa jiran mai su. Ana ba ma'aikaci tarago, a loda komai, ya riga shi yin gaba. Ni baƙuwa ce, ban sani ba. Ita ta sani, amma ta ware jitar a gefe, sai leburori suka zo tana kasuwa, mijinta ya naɗe ta a bargo ya sa aka rufe cikin akwati tare da garmaho. Jirgin kayan ya riga ya tashi.

Muka zauna a tabarma ɗaya da ta rage. 

Can ta ce, "Yi ta haka nan."

"Da me, Yaya?"

"Da cinyarki. Ni ce jitar."

Na ɗora hannun hagu a iska, na dama a cinya, na fara. Duk inda na yi shiru sai ta bi da hancinta, tana kwaikwayon tsirkiyoyin, har da mai kaurin. Muka kai ƙarshe. Ta ce, "Wannan ba a lissafa shi. Kina bina bashin ji, ina binki bashin waƙa." Da ranar ta zo na raka ta tasha, na riƙe mata ƙunshin guzuri har ta zauna.

Da rani, maigidana ya aro mini wata tsohuwar jita wurin wani makaniki a loko. Ya jingine ta a bango ya fita wanka. Na ɗauka, na daidaita ta da kunne yadda aka koya mini. Ɗakin maƙwabta an ba wasu, matar tana soya manja, ƙauri ya cika ko'ina. Na fara a hankali. Da na iso dogon shirun, na saki muryar, ban ɗaga kai ba. Hannun ya ci gaba da tafiya abinsa, ya kai ni har inda zan sake shiga, na shiga.

Maigidana yana tsaye da bokiti. Ya ce, "Ta ƙare ke nan?"

Na ce ta ƙare. Na roƙe shi, in hanya ta kai shi Fatakwal, ya nemi Yaya ya ce mata na wuce wurin nan, ita za ta gane. Aka daɗe kafin a sa shi a wannan layi. Da ya dawo ya ce ya je barikinsu, an ce an sake tura su wata tasha, wanda ya tambaya bai tabbatar da wacce ba. Ya ce ya bar saƙon a bakin wani gadan jirgi, mai kula da taragai, da ya san mijinta. Na tambaye shi ko mutumin ya riƙe maganar daidai. Ya ce ya maimaita masa, mutumin ya yi dariya ya ce zai faɗa.