Kwanon Tsohon Meiganga

Shekarar da bijimi ya take wa kawuna ƙafa a mayanka, ni aka tura jinya. Ba wai na fi kowa tausayi ba ne. Ni ke koyarwa a makaranta, hutu kuma ake yi, sauran 'yan gidanmu kowa yana bakin teburin namansa a kasuwa. A asibitinmu na Garwa ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Sai an samu nasa da zai zauna kusa da shi, ya ba shi abinci, ya goge masa jiki, ya kama shi zuwa bayan gida. Gardi malad ake ce mana. Na shimfiɗa tabarmata a gindin gadon Kawu, na fara aikin da na fi iyawa tun ina yaro, wato sa ido a kan abin da bai shafe ni ba.

Gadon da ke jikin namu na wani dattijo ne Bafulatani, dillalin shanu daga wajen Meiganga. Ya kawo dabbobi kasuwa, ciwon sukari ya tayar masa, ga wani gyambo a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. 'Ya'yansa maza suna can nesa da garke. 'Yarsa ce ke aure a unguwar Jambutu, nan cikin Garwa, ita kuma tana jego, don haka mijinta ne ya zo jinya. Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta fi a ƙirga ba. Kawu kuwa tun ranar farko ya samu abokin tsokana.

"Alhaji, ina jin bijimin da ya karya ni naka ne. Kun sayar mana da mahaukaci."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce shanunsa sun san mahauci idan sun gan shi.

Ban taɓa ganin jinya irin ta surukin nan ba. Ba ya zama a kan benci, a ƙasa yake durƙusawa, kansa a sunkuye. Ba ya kallon fuskar tsohon, ba ya kiransa da komai. Idan zafin Garwa ya taso da rana, shi ke yi masa fifita har hannunsa ya gaji ya sauya. Mu sauran 'yan jinya mukan sulale gindin dalbejiya mu sha iska da hira, shi ko ƙofar ɗaki ba ya wucewa sai alwala. Har haushinsa na riƙa ji, domin Kawu ya mai da shi abin yi mini gori.

Abinci kuwa ba a magana. Safe da rana ɗan acaɓa zai sauke kwanuka daga Jambutu: tuwon dawa da miyar yakuwa, kunun gyaɗa, wani lokaci nono mai kauri. Surukin zai buɗe, ya ajiye a gefen gado, ya koma ya durƙusa. Tsohon zai dubi kwanon ya ce, "Useko," wato ya gode, sai ya juya fuska bango. Can an jima surukin ya ɗauka ya zagaya da shi a ɗaki, ya ce Bismillah. Mu kuma ba mu san kunya ba. Mai jegon nan ta iya miya, Allah Ya saka mata. Kafin la'asar kwanuka sun koma gida a wanke tas.

Na lura tsohon ba ya ci, amma na ɗauka ciwo ne ya ɗauke masa sha'awa, ko kuma yana taɓawa lokacin da na fita. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne buta. Duk majinyacin da ke ɗakin yana damun nasa da a kama shi zuwa bayan gida, Kawu ma har da faɗa. Shi tsohon nan da wuya ka ga an tashe shi. Na yi ta juya abin a raina, wane irin ciki ne wannan?

Shugabar masu jinya ta ɗakinmu, wadda ake kira majo, mutuniyar kudu ce, Kirista, gajera mai faɗa. Faransanci take yi, da Fulatancin kasuwa da ta tsinta. Kullum kafin abinci sai ta zo ta yi wa tsohon allurar sukari, ta ce, "Sava, papa?" wato ya jiki, baba. Shi kuma ya ce, "Jam," lafiya ke nan. Da za a yanke masa ƙafar ma jam zai ce. Idan ta dawo ta ga kwano babu komai, sai ta gyaɗa kai ta wuce.

Wata rana bayan azahar na ga zufa tana keto wa tsohon, hannunsa na rawa, yana maganar da ba ta haɗuwa. Kafin in ankara idonsa ya juye. Surukin ya daskare a durƙushe. Ni na ruga na kira majo. Ta soki ɗan yatsansa ta auna, ta sa masa ruwan sukari ta jijiya, ta tsaya a kansa har sai da ya buɗe ido. Daga nan ta yafuto ni zuwa baranda, don ta san ina jin Faransanci.

"Malam, kai da idonka ba ya barin komai. Mutumin nan yana cin abinci?"

Na ce ban taɓa gani da idona ba.

"To wa ke cinye kwanukan?"

Na ce jama'a. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta gane ina cikin jama'ar.

Ta yi mini bayani a gajarce. Allurar da take yi masa tana sauke sukarin jini ne, an auna ta da cewa mutum zai ci abinci a bayanta. Idan bai ci ba, allurar ce za ta kashe shi tun kafin ciwon. Yau an yi sa'a da rana ne, akwai mai gani. Ta ce, "Da hannuna nake soka masa ita. Kwano na riƙa tambaya, ban tsaya na ga loma ta shiga bakinsa ba. Amma me ya sa? Abincin ne ba ya so? Ko akwai abin da ke tsakaninsu?"

Ina buɗe baki zan ce ban sani ba, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya, har da butar. Na girma cikin Fulani, na san wannan tun ban san karatu ba. Dattijo irinsa ba zai tauna abinci mijin 'yarsa yana kallo ba. Ruwa ma tsotsa kawai yake yi, don kada ya kai ga surukinsa ya kama shi zuwa bayan gida. Shi kuma surukin ba zai matsa daga gadon ba, kada a ce ya yi sakaci da uban matarsa. Duk ɗakin mun san al'adar, amma da yake muna asibiti sai muka ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalma.

Majo ta ce abu mai sauƙi ne, za ta ce ya fita lokacin cin abinci. Na ce idan ta kore shi a gaban mutane, labari zai riga shi isa Jambutu, cewa an kore shi daga jinyar surukinsa. Tsohon kuma zai gane an gano shi, kunyar ta ninku. Ta ce ita ba kunya aka ba ta amana ba, rai aka ba ta. Duk da haka ba ta shiga ta yi korar ba. Ta tsaya tana kallon cikin ɗakin ta taga, idonta a kan Kawu.

Washegari da hantsi, ɗan acaɓa na sauke kwanuka, ta shigo da sandunan guragu ta dangwarar a gadon Kawu. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Daga yau ƙafar nan sai ta fara taka ƙasa, safe da rana, har gindin dalbejiya, kuma sai da ƙaƙƙarfan mutum a gefensa. Kawu, wanda na riga na raɗa masa komai, ya karɓe zancen har ya so ya wuce gona da iri.

"Wannan ɗan nawa alli kawai ya iya ɗagawa, zai ƙarasa ni ne. Alhaji, ara mini naka mana. Ga nawa nan jingina, ko da yake ka yi asara."

Tsohon bai dubi kowa ba. Ya ɗaga yatsu kaɗan, alamar a je. Surukin ya miƙe ya tallabi Kawu suka fita, Kawu yana ta nishin da ya fi ciwon yawa.

Majo ta yi wa tsohon allurarsa, ta ja labule, ta koma bayan labulen ta tsaya inda ba ya ganinta. Na buɗe kwano na juya baya kamar ina gyara tabarma. Na daɗe ban ji komai ba. Sai can na ji ƙarar cokali a jikin kwanon kunu. Ban san na damu da tsohon nan haka ba sai da na ji idona ya cika. Ya sha kunu, ya ci tuwo loma bayan loma, ya shanye ruwa kofi guda, sannan ya ce da ni a hankali, "Ɗana, kama ni mu zagaya."

Da muka dawo ya zauna yana kallon sauran tuwon. Ya rufe shi da kansa, ya turo mini.

"Kai wa wancan yaron. Tun da muka zo nan ban ga ya sa komai a bakinsa ba. Kada ka ce daga wurina ne."

Na tsaya riƙe da kwanon ina tunani. Ni mai sa ido, na ga yana zagayawa da abinci gado-gado, ban taɓa tambayar kaina yaushe shi yake ci ba.

Na same su a gindin dalbejiya, Kawu ya baje a benci yana ba da labarin bijimi. Surukin na ganina ya miƙe tsaye. Bai dubi kwanon ba, fuskata yake kallo.

"Ya ci?"

Na ce ya ci, ya sha ruwa.

Ya karɓa da hannu biyu, ya koma bayan bishiyar inda tagar ɗakin ba ta hango shi, ya durƙusa. Ya buɗe kwanon ya fara ci. Kawu ya katse labarinsa, muka juya masa baya mu biyu har ya gama.