Habila Gwanin Golf

Duk Bahaushen da ya zauna Alƙahira a ƙarshen shekarun saba'in ya san Habila direba, kuma duk wanda ya san shi ya sha labarin kwarin nan. Wai can gida, a wani kwari tsakanin duwatsun Filato, akwai filin wasan golf na Turawan haƙar kuza, inda sanyi ke sa haƙora kaɗawa, ba mai shiga sai ɗan ƙungiya. "Ni kuwa kullum ina ciki," in ji shi. Ɗalibai Hausawa na unguwar Madinat Nasr har shayi suke dafa masa don ya maimaita.

Bai yi ƙarya ba, rage zance kawai ya yi. A filin nan ba ciyawa ke kewaye da ramin ƙwallo ba, yashi ne da aka kwaɓa da baƙin mai, kuma aikin Habila jan buhu a kai yana share sawun Turawa. Sandar wasan kuwa ko da wasa bai taɓa kaɗa ta ba.

Ana nan sai aka gayyaci maigidansa, Alhaji Abdulwahab na ofishin jakadanci, wasan golf a wani kulob kusa da dala, wato manyan kaburburan sarakunan Masar na da, aka ce ya zo da abokin bugu. Alhaji ya ce ai yana da gwani a gida. Habila bai musa ba, don sunan nan na gwani shi ne duk abin da ya mallaka a Masar.

Amma Habila ba ya rasa dabara. Suna isa ya taka koriyar ciyawar, ya yatsine fuska.

"Ranka ya daɗe, wannan ai makiyaya ce. Mu a kan yashi muka koya. In na buga a nan zan ɓata hannuna."

Alhaji ya fassara wa mai masaukinsu, wani Bamisre mai fara'a. Mutumin ya yi murna kamar an yi masa bushara.

"Yashi? Tamam, ya yi daidai! Yalla, mu je!"

Wayyo Habila, ka rasa inda za ka nemi yashi sai Masar! Taku kaɗan bayan shingen kulob ɗin hamada ce shimfiɗe har iyakar gani. Aka dasa masa ƙwallo, aka miƙa masa sanda, ma'aikata suka taru kallo. Ya kai bugu ya cika wa Alhaji babbar riga da ƙura. Ya sake, sandar ta kuɓuce ta yi nata waje. Ƙwallo dai tana nan inda aka ajiye ta.

"Ma'alish, ba komai," in ji Bamisren, yana share hawayen dariya.

Alhaji bai kore shi ba, ko faɗa bai yi masa ba. Da bakinsa dai ya ba da labarin a ofis, kafin Juma'a ya kai ɗakunan ɗalibai. Suka ci gaba da dafa wa Habila shayi, suna tsokanarsa ya ba su labarin kwari, shi kuwa sai ya ce shayin ya yi sukari. Har ya bar Masar bai ƙara ambatar wurin ba, alhali duk duniya ba inda yake kewa kamarsa.