Kalolaine da Sandar Bugu

Kalolaine Fifita, in dai bugun ɓawon itace ne har ya zama ƙyallen da ake kira ngatu, kaf tsibirin Vava'u babu mai kama ƙafarta. In ta sauke sanda kan gungume, wallahi har kifin teku sai ya leƙo. Ita da ƙanwarta Lesieli gungume ɗaya suke zama, wannan ta buga waccan ta amsa, shekara talatin.

Sai ciwon ɓarin kai ya maƙale mata. Walƙiya ta fara gilmawa a idon hagu, amai ya biyo, sai kwana biyu a ɗaki an toshe taga da tabarma. Likita ya ce ta haɗiye ƙwaya da zarar walƙiyar ta fara, ta kuma guji ƙara.

“Ƙara? A garin nan?” in ji Lesieli. “Likita, sai dai ka kashe mana mutum.”

Don bugu ba ya tsayawa sai an yi rasuwa. Kwanakin makoki babu mai taɓa sanda, kan Kalolaine ya yi sakayau. Matan gari suka sa ta gaba: wai ko tari tsoho ya yi, sai ta aika a dubo mata ko da labari.

Ajiye sanda kuwa ta ƙi. In ta kwanta, Lesieli ta buge rabonta, ta dafa mata rogo, ta leƙo tana raɗa:

“Yaya, kin mutu ne? In kin mutu ki faɗa, mu ma hannunmu ya huta.”

“Tashi min nan, mai bakin agwagwa.”

Lesieli ce ta riga ta gidan gaskiya. Ciwon suga, sati guda a asibiti. Gari ya yi tsit kwana goma, kan Kalolaine ko ɗis bai sara ba. Ta zauna cikin baƙaƙen kaya, ta ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu irin na masu makoki a garin, lafiyarta ƙalau, ba ta da inda za ta ɓuya.

Ranar da aka saki bugu ta haɗiye ƙwayarta tun da safe, ta hau gungume. Ta buga, ta dakata tana jiran amsar sandar Lesieli. Ta sake bugawa, ta sake dakatawa. Kafin hantsi walƙiyar ta gilma. Ta miƙa wa matar ɗanta sandar.

“Riƙe. Ba aro ba ne.”

Ta shige ɗaki. Ranar babu wanda ya tsokane ta.