Furen da Ta Ajiye a Hannu

A adaidaita sahun da na hau daga Ƙofar Ɗan Agundi, wata mata na zaune kusa da ni, da mayafi ruwan toka, jaka a cinya. Hannunta na hagu cike yake da zane, sabo kan tsoho, na dama kuwa fes. Mai lalle ce, ko tantama babu, kuma na tabbata amarya ke jiranta a Koki.

Wani zanen fure ta gani a intanet, tana son ɗaukar hotonsa, amma wayar ta cika. Ta gefenta, da alama ƙanwarta ce, ta ce, "Yaya Sa'adiyya, ki ajiye adireshin shafin mana, ba ya cin wuri."

"In na shiga lungu sabis ya ɗauke fa? Adireshin zan zana wa amarya?"

Ko hoto ɗaya ba ta goge ba. Ledar lallenta ta zaro, ga ta nan tana kwafe furen a tsintsiyar hannunta duk da girgizar hanya. Ta hura masa iska, ta jefa wayar a jaka.

"Wannan dai," in ji ta, "ko caji ya ƙare yana nan."